Takardar Dakta da Ƙaryar Wata Biyar

Jama'a, yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, don wadda ta tafka abin kunya ba ta tambayar gajiya. Ku gyara zama kawai. Masu rubuta min a ƙasan labari cewa "Auta kin cika wayo," ku zo ku kwashe maganarku, ni ma na janye tawa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni sakatariya ce a ofishin masu zanen gine-gine, hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayal. Mu bakwai ne har da Oga. Teburina yana bakin ƙofa, tsakanin tukunyar fulawar roba da injin buga takardu wanda sai an mare shi a gefe yake aiki. Aikina daga safe zuwa yamma buɗe takardu ne a kwamfuta. Wannan ya turo zane, wancan ya turo wasiƙa, ni in buɗe, in buga, in kai wa mai ita.

Sai kuma Injiniya. Shi ba ma'aikacinmu ba ne na kullum, kwangilar kula da kwamfutocinmu yake da ita. Talatar farko ta kowane wata yake zuwa, da baƙar jakar goyo, da riga mai ruwan toka ya naɗe hannunta zuwa gwiwa, da wata takarda mai layi-layi manne a ƙaramin allo. Ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta manhajoji, ya rubuta "an yi" a gaban sunan kowa. Wata bakwai ke nan yana nemana, kuma wallahi ban taɓa ganin mai irin soyayyarsa ba. Ga saƙon da ya taɓa turo min da safe, ban canza ko wasali ba:

"Barka da tashi, ranki ya daɗe. Jiya na yi mafarkinki. Don Allah kada kalmar sirrinki ta zama ranar haihuwarki."

Wani kuma: "Kin karya kuwa? Na yi kewar muryarki. An gano sabuwar ɓaraka a manhajar buɗe takardu, in sanarwa ta fito ki amsa mata."

Ku faɗa min tsakani da Allah, wace amsa ake ba irin wannan? Ni dai hoton zuciya nake tura masa, in wuce batun ɓaraka kamar ban gani ba.

Ba wai bai yi min bayani ba. Ya yi, har da zane a bayan ambulan. Ya ce, "Kin ga manhajar nan da kike buɗe takardu da ita? Mutane ne suka rubuta ta, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Wani lokaci a bar wata kafa ba a sani ba. Ɓarayi su gano kafar, su ƙera takarda ta musamman. A ido takarda ce kamar kowace, amma kina buɗe ta sai ta zura hannu ta kafar nan ta kama kwamfutar. Ba sai kin danna komai ba, buɗewar kaɗai ta isa. Masu manhajar in sun farga sai su turo faci. Sanarwar sabuntawar nan da kike kora, facin ke nan."

Na ce, "Ikon Allah." Gashin idonsa nake kallo, ban ji rabi ba.

To ga inda na ɓata rawata da tsalle. Sabuntawar nan tana so a rufe komai, a kashe kwamfuta a sake kunnawa. Ni kuwa takarda talatin da wani abu ne a buɗe a gabana kullum, kuma a cikinsu, Allah ya yafe min, har da wannan labarin da kuke karantawa, wanda nake rubutawa a lokacin aikin Oga. In Injiniya ya zauna a kujerata, abu na farko da zai gani shi ne kansa, na sa masa suna Mai Jakar Goyo, na yi shafi guda a kan kunnuwansa. Don haka wata biyar da suka wuce, da ya iso teburina, na yi fari da ido na ce, "Ai ni na riga na sabunta da kaina."

Ku ga yadda fuskarsa ta washe. Kamar malamin da daƙiƙin ajinsa ya ci jarrabawa. Ya ce, "Da gaske? Kai, kin burge ni." Ya rubuta "an yi" a gaban sunana bai ko taɓa linzamin kwamfutar ba. Mutumin da ko Oga ya ce masa ya yi, sai ya ja kujera ya duba da idonsa. Wata na gaba ma na ce na yi, ya rubuta. Haka har sau biyar, sanarwar na fitowa a kusurwar allo ina korarta kamar ƙuda.

Mu koma gida. Ummata ba ta da matsala, ita dai in yi aure kafin ta rasa ƙarfin goyon jika. Matsalar Gwaggo ce, yayar Babanmu, wadda tun da ta yi ritaya daga koyarwa ta mayar da aurar da mu cikakken aiki, ba hutun ƙarshen mako. Ranar da Umma ta ɗan tsegunta mata cewa akwai wani mai gyaran kwamfuta da ke zuwa wurina, Gwaggo ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta ce, "Mai gyara? Auta, mai gyara ai abin wani yake gyarawa. Ki nemo mai abin." Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta kuma nemi gani ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta shigo falonmu da shuɗin mayafinta mai duwatsu, turarenta ya riga ta sallama. Ko zama ba ta gama yi ba ta zaro wayarta mai tsagaggen gilashi.

"Auta, buɗe wayarki, na turo miki arziki."

Na duba. Fayil ne, an rubuta masa suna: Bayanin Dakta Mai Neman Aure.

"Likitan zuciya ne a ƙasar waje," in ji ta. "Ba ya son hayaniya, shi ya sa ya tsara komai a rubuce, shafi huɗu, har da hoto. Kin ga mai ilimi."

Na ce, "Gwaggo, a ina kika san shi?"

"Ƙawata ce ta turo min."

"Ita a ina ta san shi?"

"Ita ma ƙawarta ce ta turo mata. Ke 'yar sanda ce? Ana nuna miki hanya kina tambayar wa ya share ta."

Na buɗe a waya. Shafin farko kaɗai ya fito, hoton dishi-dishi, sai lambar waya a ƙasa da rubutu cewa a buɗe a kwamfuta don ganin cikakken bayani. Umma ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ko a dishi-dishin ma da alama yana da tsayi."

Bari in kare kaina kaɗan kafin ku fara jifa. Ban yi niyyar auren Dakta ba. Ina son Injiniya, Allah ya sani. Gani kawai nake so in yi, irin yadda mutum kan tsaya a gaban shagon da ya san ba zai saya ba. Litinin da safe na tura fayil ɗin zuwa imel ɗin ofis, na waiga hagu da dama, na buɗe.

Hmm. Farar rigar likita, gashin baki a gyare, haƙora farare tas a jere. Wata 'yar baƙar taga ta ɓullo a allon ta ɓace kafin in ƙifta ido, na ce kwamfutar ce ke tsufa. Na karanta cewa Dakta yana son mace mai karatu da barkwanci, na ce to fa. Na rufe. Bayan an jima na tuna ban duba shekarunsa ba, na sake buɗewa. Bayan cin abincin rana ma wani abu ya sa na koma. Ban ƙirga ba dai.

Laraba da safe wayoyin ofis suka fara ruri a tare. Ina ɗaga ta farko na ji muryar wani dattijo da muka zana wa gidan bene. Ya ce, "'Yata, na ga saƙonku. Shi Daktan zai karɓi bazawara? Ina da ƙanwa." Kafin in gane inda ya dosa, Oga ya fito daga ofishinsa da waya a kowane hannu.

"Sakatariya, yaushe muka fara dalilin aure a nan?"

Ashe cikin kwana biyun nan imel ɗin ofis ya tura takardar Dakta ga duk wanda muka taɓa yi wa aiki, mutum tamanin da huɗu, da tambarinmu a ƙasa. Ana cikin haka ɗaya daga masu zane ya ɗago ya ce zanen asibitin da za mu miƙa Jumma'a ya ƙi buɗuwa. Na kusa da shi ya ce nasa ma. Duk fayilolin da ke rumbun da muke tarayya an kulle su, sunayensu sun koma wasu haruffa marasa kan gado. Na zauna a hankali.

Cikin minti arba'in Injiniya ya iso, yana haki. Bai gaishe ni ba, bai gaida kowa ba. Ya ce, "Kowa ya ɗauke hannunsa daga kwamfuta." Ya durƙusa ƙarƙashin tebura yana zare wayoyin intanet ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimaka yana da ajiyar kwafin komai a wani faifai da ba ya haɗe da ofis, wadda aka yi ranar Lahadi, don haka aikin kwana biyu kawai ya salwanta. Ya bi kwamfutoci shida bai sami ƙofar da aka shigo ba. Sannan ya zo tawa.

Na tashi na ba shi kujera. Ya danna nan, ya danna can, ya fito da lambar da ke nuna sabuntawar ƙarshe da aka yi wa manhajar. Ya kalli lambar. Ya ɗauko allonsa ya kalli "an yi" guda biyar a jere da rubutun hannunsa. Ya sake kallon lambar. Ina tsaye a bayansa ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Na so ya juyo ya zage ni, bai juyo ba.

Oga ya kira shi ciki, ya bar ƙofa a buɗe yadda yake yi in yana so kowa ya ɗauki darasi.

"Injiniya, ba kai ka ce min an toshe wannan kafar tun watanni ba? Ga takardarka na sa hannu."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kwamfuta ɗaya ce ban duba ba na rubuta an yi. Kuskurena ne."

"Wa ya buɗe takardar?"

"Buɗe takarda ai shi ne aikinsu, ranka ya daɗe, ba za a hana su ba. Toshe kafar shi ne nawa."

Oga ya ce, "To ka gama gyaran yau ka ajiye min makullin ɗakin na'urori. Sauran ofisoshi uku na ginin nan ni na kai ka wurinsu, kuma dole in gaya musu abin da ya faru."

Ofisoshin nan huɗu su ne duk sana'arsa, na sani, don da su yake lissafin ranar da zai turo magabatansa gidanmu. Ina zaune ina ji, hannuna a kan tukunyar fulawar roba ina tsinke ganyenta. Wata zuciya ta ce min, ki yi shiru, shi ya zaɓi ya rufa miki asiri, kada ki ɓata masa sadaukarwa. Kun ji fa yadda shaiɗan ya iya tsara magana. Ɗaya zuciyar ta ce, ke Auta, mutum zai rasa abincinsa don ya yarda da ke, kina nan kina gyara mayafi?

Na miƙe. Takalmina mai tsini ne ranar, kowane taku sai da ofis ya ji. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Oga, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ce masa na sabunta. Ban yi ba."

"Sau ɗaya?"

"Wata biyar."

Oga ya cire tabarau ya ajiye. "Takardar fa?"

"Ita ma ni ce. Gwaggona ce ta turo min, ni kuma na turo ofis don in ga hoton da kyau."

A bayana na ji wani daga masu zane ya shaƙe da dariya ya mayar da ita tari. Oga ya kalle ni ya ce, "To bayan duk wannan ɓarnar, kun daidaita da Daktan dai ko?"

Injiniya ne ya amsa, idonsa a kan bango. "Babu wani Dakta, ranka ya daɗe. Na bincika hoton. Daga tallan man goge baki aka ɗauko shi."

A nan ofis ya kasa riƙewa. Har Oga sai da ya juya kujera ya ba mu baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Da ya juyo ya yanke hukunci. Injiniya ya riƙe makullinsa, amma daga yau ko uwar da ta haifi Oga ce ta ce ta sabunta, ya zauna ya duba. Ni kuma in tafi gida mako guda, in na dawo in kira mutum tamanin da huɗun nan ɗaya bayan ɗaya in ba su haƙuri, in gaya musu kada su buɗe, wanda ya riga ya buɗe ya nemi mai duba masa kwamfuta. Dattijo mai ƙanwa shi ne na farko.

Da yamma kowa ya watse ya bar mu a teburina. Injiniya ya kwashe takarduna zuwa wani faifai kafin ya wanke kwamfutar tas. Yana cikin kwasa ya iso kan wanda aka rubuta wa Mai Jakar Goyo, kashi na sha biyu. Hannunsa ya tsaya.

"Wannan a adana ko a zubar?"

Na ce da ƙaramar murya, "A adana."

Ya adana bai buɗe ba. Ya sa sabuwar manhaja, ya saita ta ta riƙa sabunta kanta ba tare da neman izinina ba, ya kunna mata wani tsari da ke killace duk takardar da ta zo daga waje don kada ta taɓa sauran kwamfutar. Sabuntawar da na yi wata biyar ina gudu, na duba agogo, ko minti huɗu ba ta kai ba.

Na ce, "Don Allah ka yi haƙuri. Na yi maka ƙarya."

"Kin kuma tashi kin faɗa, na gode." Yana naɗe waya a hannunsa. "Ba ita ta fi damuna ba. Kwamfuta tana rubuta duk abin da aka buɗe da lokacin da aka buɗe shi. Takardar Dakta, sau shida kika buɗe ta, Auta."

Tun da muka haɗu bai taɓa kirana Auta ba, kullum ranki ya daɗe.

"Na farko na ce son gani ne, kowa na yi. Na biyu na ce wataƙila bai buɗu da kyau ba. Daga na uku na rasa abin da zan faɗa wa kaina."

Ya saɓa jakarsa ya sauka. Ni ma na ɗauki jakata na kama hanyar gida. Na yi kuka a motar haya har mai karɓar kuɗi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Alhamis ba saƙo. Jumma'a ba saƙo. Ni da nake tsaki in ya haɗa kewa da kalmar sirri, na koma ina karanta tsofaffin saƙonninsa har da batun ɓarakar.

Asabar da safe sai ga Gwaggo, mayafi a karkace, ba turare. Ta zube a kujera.

"Auta, Dakta ya cuce ni."

Ashe ta kira lambar da ke ƙasan takardar don ta yi min gaba. Wani mai sanyin murya ya ce zai sa ta a zauren hira na danginsu, ta karanto masa lambobi shidan da za su shigo wayarta. Ta karanta masa, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Tun daga nan aka fitar da ita daga manhajar hirarta, kuma ƙawayenta na ta kira suna tambayar me ya sa take turo musu Dakta sau uku a rana.

"Ki nemo min mai gyara yanzun nan. Na ƙwarai, ba na bakin titi ba."

Umma ta kalle ni, ta kalli silin. Na shiga ɗaki na kira Injiniya. Ya saurara har na gama, ya ce, "Zan zo saboda Gwaggo." Ya kashe.

Ƙarfe sha ɗaya ya yi sallama. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma wadda ya taɓa yabawa, bai nuna ya gani ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma da Gwaggo, ya karɓi wayar da hannu biyu. Cikin rabin awa ya dawo mata da hirarta, ya sa mata wata lambar sirri ta biyu, ya ce, "Gwaggo, lambar da ta shigo wayarki taki ce ke kaɗai, ko ni na tambaya kada ki ba ni. Takardar da ba ki san asalin wanda ya rubuta ba kuma, kada ki tura wa kowa." Gwaggo, wadda ta yi shekara talatin ba wanda ya gyara mata magana, tana gyaɗa kai tana cewa, "To ɗana, to ɗana."

Na shigo da tire, ruwa da lemo da kofunan gilashin da ba a fitowa da su sai ga manyan baƙi. Daidai lokacin Gwaggo ta sauke tabarau kan hanci tana ƙare masa kallo.

"Yaron nan akwai hankali. Ɗana, kana da iyali?"

"A'a, Gwaggo."

"Akwai wadda ka tsayar?"

Ya ce, "Da akwai. Yanzu ban sani ba."

"Wadda ta bar irinka ai ba ta da rabo." Gwaggo ta gyara zama, ta shiga hotunan wayar da ya gama gyara mata. Umma ta buɗe baki za ta yi magana, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. "Ga 'yata ta biyu, tana karatun jinya, bana za ta gama. Duba ka gani."

Ina tsaye da tire a tsakiyar falo. Na ce a raina zai ce a'a, zai ce Gwaggo ai ni ne mai gyaran da kika ce a bari. Ya karɓi wayar. Ya duba, ya ce, "Masha Allah," ya miƙa mata. Na saki numfashi. Gwaggo na shirin mayar da ita jaka sai ya ce, "Gwaggo, ɗan ƙara ba ni in gani."

Umma ta taso ta karɓi tiren daga hannuna. Shi ya haɗiye kallo shida da na yi wa hoton Dakta, ya kuma shiga gaban Oga ya ɗauki laifina. Ni kuwa kallo biyu kacal ya yi wa hoton wata a gabana, kuma na kasa haɗiyewa.